Haruffan Ammu Fikri

Lahadi, 3 ga Maris 2019

Sati biyu ke nan a ofishin da ke aika wa masunta gargaɗin teku. Sun ajiye ni kusa da Ammu Fikri, shekararsa talatin da ɗaya yana wannan aiki. Tagar da yake rubuta umarni a kwamfutarsa abin tausayi: baƙin allo, rubutu ruwan ɗorawa, Larabcin ya fito a juye, haruffa a warwatse. Amma wallahi haka yake karanta shi tsaf, yana kurɓar shayi. Na saki baki ina kallo. Ya ce, "Rabab, rufe bakin, ƙudan Iskandariya ba su da kunya."

Talata, 5 ga Maris

Layi ɗaya ne fa a fayil ɗin saiti zai gyara wannan. Digirina ba na ado ba ne.

Alhamis, 7 ga Maris

Ya fita sallar azahar, na gyara masa. Na mayar da rubutun dama zuwa hagu, haruffa suka haɗu, na rage girmansu. Allo ya yi kyau kamar shafin jarida. Da ya dawo ya daɗe yana kallo. "Wa ya yi min shara a ɗaki?" Na ce ni ce. Ya ce, "Sannu, 'yata." Shi ke nan. Ko yabo babu, haba!

Lahadi, 10 ga Maris

Innalillahi. Gargaɗin iska na tashar Rashid, wanda Ammu Fikri ya aika, ya tafi wata tasha daban. Allah ya sa wani mai rediyo ya kira cikin minti goma, jiragen masunta ba su riga sun fita ba. Madam Sausan, shugabarmu, ta ce gobe tana son sunan wanda ya yi. Kowa ya san hukumar na neman dalilin sallamar tsofaffi.

Bayan la'asar na buɗe tsohon fayil ɗinsa, wanda na ajiye gefe. Layi ɗari huɗu da wani abu, tun 1994, kowane saiti da dalilinsa a rubuce. Wannan launi saboda hasken taga da hantsi. Wannan ƙara saboda kada gargaɗi ya wuce shiru. Bai taɓa goge komai ba, sai ya kashe layi ya rubuta sabo a ƙasa. Na ji kamar na shiga gidan mutum ba sallama.

Sai na iso girman haruffa. 12 a 2004. 16 a 2011. Sai 20, sai 24. Bara 28. A gefe ya rubuta: "Kada a haɗa haruffa. In sun haɗu ba na rarrabe su."

Idonsa ne. Ba wanda ya sani. Kunya ta kama ni har ciki.

Litinin, 11 ga Maris

Na ce wa Madam ni ce, na taɓa saitin na'urar da ba tawa ba. Ba ƙarya na yi ba, rabi dai na faɗa. Ta ba ni takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata. Mama ma ban gaya mata ba.

Na mayar masa da fayil ɗinsa yadda yake.

Laraba, 13 ga Maris

Ammu Fikri ya kawo min sanwicin ful, wato dafaffen wake, ya ajiye bai dube ni ba. Can ya ce, "Kin karanta duka?" Na ce eh. Ya ce, "Daga 28 sai 30, sai 32. Bayan nan sunan tasha ba ya shiga layi ɗaya. Na riga na gwada."

Na cinye ful ɗin ban ji ɗanɗanonsa ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Na jawo kujerata jikin teburinsa. Wurina sanyi ya yi yawa, shi ne kawai dalili. Kafin ya aika gargaɗi ina karanta sunan tasha da ƙarfi, wai ina koyon karatu a juye. Yau ya jira sai da na karanta sannan ya danna.