Awa Bakwai a Sama Ba Za Ta Hana Ni Zuwa Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da dukan zuciyata, ina roƙon Allah Ya yaye miki wannan ciwo, Ya sa aikin da za a yi miki ya zo da sauƙi. Mu nan lafiya lau muke. Jikata ta fara tafiya, yanzu babu zaren da ke zama lafiya a shagona.

Saƙonki ya iso ta bakin mijinki, wai kada in zo, garinku da nisa, ni kuma ga hawan jini ga ciwon gwiwa. Auta, yaushe kika fara yanke mini hukunci, ni da na goye ki? Babban ɗana ma ya samu abin faɗa. Ya buɗe mini taswira a wayarsa, yana jan yatsa a kan teku, wai nisan ya fi kilomita dubu biyar, wai ni da ko bene na hau sai na riƙe bango. Na ce masa ya kashe wayar, ai ba da ƙafa zan taka tekun ba.

Washegari na rufe shago, na tafi ofishin masu sayar da tikitin jirgi. Na tambayi yarinyar da ke kan tebur awa nawa ake yi a sama. Ta ce bakwai, in ba a yada zango ba. Dariya ta ƙwace mini har ta ɗago kai tana kallona. Ni da nake wuni a kan keken ɗinki saboda rigunan 'ya'yan wasu, zaman awa bakwai ne zai gagare ni saboda ke? Daga nan na wuce wurin likitana. Ya auna ni, ya ce in sha magani a kan lokaci, in riƙa tashi ina taka ƙafa a cikin jirgin. Bai hana ni ba, da ma ya hana da na canja likita.

Tsoron jirgi kam ina ji. Amma na fi tsoron ki farfaɗo daga tiyata ki duba ba ki ga jininki ko ɗaya ba. Mijinki mutumin kirki ne, sai dai in kin ce masa da sauƙi yarda yake yi. Ni na san ƙarya kike.

Biza ta fito, tikiti yana jakata. Ɗan nawa da ya ga ba zan tanƙwaru ba, shi ya sayo mini akwati yana ƙunƙuni. Talata mai zuwa zan sauka.

Ki gaishe da mijinki, da 'yan biyunki, da Kawu Dogo in ya leƙo. Kada ki ɓata ƙarfinki wajen bugo waya don ki hana ni, ba zan ɗauka ba. Ki sa a ajiye mini kujera kusa da gadonki.

Taki har abada,
Yayarki