Ki Cire Sunan Ɗana

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe mini da kawunki. Ni lafiyata ƙalau. Tsohuwar da nake jinya a nan takan tofa mini abinci a fuska, bayana kuma yana ciwo saboda ɗaga ta, amma kada kowa ya damu.

Na ga saƙonki cewa kin kammala bincikenki kan ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjin yara, da yadda suke kare su daga amai da gudawa. Madalla. Shekara da shekaru kina tonon kashin 'ya'yan mutane, gara da aka gama.

Sai dai kin ce za ki sadaukar da littafin binciken ga marigayi Auta, wai rasuwarsa ce ta sa ki neman abin da ke kashe yara. Ban yarda ba. Ranar da na tafi kasuwa, na ce ki ba shi tafasasshen ruwan da ke cikin filas. Kika ɗebo masa na tanki, kina saurin komawa wasa. Maƙwabciyarmu ta gan ki. Na yi shiru ne don ki samu ki yi karatu, yanzu kuwa kin gama.

Ki cire sunan ɗana. Mai tarbiyya ba ta neman tafi da sunan wanda ta yi sanadinsa.

Ranar karɓar shaidar digirin, ki yi shiga ta mutunci, ki aiko mini da hoto. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki