Ƙawata Mai Jan Keke

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 4:20 na yamma
Ɗakin malamai, bayan kowa ya watse

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da fama da aikin asibiti. Sau uku na ɗauki waya in kira ki ina ajiyewa. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuta.

Na yi ɓarna yau da ƙarfe 11:40, a taron malamai.

Wata biyar ke nan da gama jami'ata, da makarantarmu ta dā ta ɗauke ni koyar da Jamusanci. Tana nan yadda kika san ta: aji shida, ɗalibai 140, harsuna huɗu, da taswirar duniyar nan da ta koɗe a bango. Har yanzu abin taƙamarmu shi ne musayar wasiƙu da makarantar ƙetare, kuma har yanzu Malam Kan-Sarki ne ke riƙe da ita. Saura masa wata huɗu ya yi ritaya, sai shugabar makaranta ta ba ni makullin kabad ɗin wasiƙu in fara koyo.

Kin dai san ni. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Amsoshi 23 suka zo wa 'yan aji huɗu a watan jiya, amma hannu ɗaya ne ya rubuta su duka, da biro huɗu kacal. Babban ambulan ɗin da suka zo a ciki yana da kan sarki, ba shi da hatimin gidan waya. Na aika imel can. Ofishin ilimi na garinsu ne ya amsa: an rufe makarantar shekara bakwai da suka wuce.

Na ɗauka wani mugu ne a can yake karanta sirrin yaranmu. Daga kujerata zuwa ofishin Malam taku goma sha biyu ne, Yaya, amma ban je ba. So nake a ce sabuwar malama tana da ido. Na miƙe a gaban mutum goma sha ɗaya na karanto komai, lamba-lamba. Har na ciro wasiƙun Mai Jan Keke, ƙawata ta takarda da na dame ku da labarinta shekara uku, na baza a tebur na ce, "Guda 19 ne, 18 a ciki wannan hannun ne ya rubuta su."

Malamin Larabci ya ce, "To wane mara tsoron Allah ne wannan?"

Malam ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya ce, "Ni ne." Ya ɗauki jakarsa ya fita. Shayinsa yana nan a gabana, ba wanda ya iya ɗauke kofin.

Shugaba ta ce tun da ni na tono, ni zan rubuta wa kwamitin makaranta rahoto kafin Juma'a 14 ga wata. In suka ga dama, aikin shekara 31 zai ƙare da takardar kora.

Akwai abin da ya fi wannan. Ina aji huɗu na rubuta wa Mai Jan Keke cewa takalmin malaminmu yana kuka kamar kwaɗo, kuma yana koya mana harshen ƙasar da bai taɓa takawa ba, a kaset kawai ya ji shi. Ga amsarta a hannuna, wasiƙa ta bakwai: "Ki yi masa haƙuri, wataƙila iyakar ƙoƙarinsa ke nan."

Ina zan sa kaina?

Ki gaida yara.
Ƙanwarki

*

Asabar, 8 ga Maris

Ke Agogo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, sai ƙaramin da ya cusa ƙwallon sarƙata a hanci, mun ciro. Wasiƙa a wannan zamani? Da mai gadi ya miƙo min ita a ɗakin allura na ɗauka sammaci ne.

Na karanta sau biyu. Na farko na yi dariya, kar ki ji haushi. Taku goma sha biyu! Kin ƙirga takun amma ba ki taka ba. Tun kina ƙarama haka kike, a aike ki sayen sabulu ki dawo da bayanin minti nawa kika yi a hanya.

Na biyun ban yi dariya ba, don ni ma akwai abin da na ɓoye miki.

Kin tuna lokacin da Baba ya rasu kina aji biyar? Sati uku ba kya magana. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, kin kifa kai a katifa kin ce makaranta ta ƙare. Abu ɗaya kika yi, kika rubuta wa yarinyar nan wasiƙa kika ce in kai makaranta. Ranar Litinin na kai. Na ce, "Malam, don Allah in da hali a gaya mata ta yi sauri, yarinyar nan za ta lalace mana." Ya ce zai ga abin da zai iya. Ranar Juma'a ya zo da kansa har ƙofar gida da amsa.

Kwana huɗu, Agogo. Ke da kike ƙirga komai, ba ki taɓa ƙirga wannan ba? Wace wasiƙa ce za ta tsallaka teku ta dawo a kwana huɗu? Ni tun a bakin ƙofa na gane. Na kalle shi, ya kalli ƙasa. Na karɓa na kai miki, kika karanta, kika tashi kika nemi abinci. Shi ke nan na ɗinke bakina.

Ban ce ya kyauta ba. Da 'yata ce ke zuba cikinta ga wata ƙawa ashe dattijo ne ke karantawa, da sai an riƙe ni. Amma ni ba zan iya jifansa ba, don na ci moriyar ƙaryar.

Ki daina rubuto min, ba ni kika ɓata wa ba. Gidansa yana nan bayan tashar mota, mai koren ƙofa. Taku nawa ne ban sani ba, ki ƙirga a hanya.

Ki ci abinci. Yara suna gaida Anti.
Yayarki

*

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe 5:05 na yamma

Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali.

Na zo ƙofar gidanka jiya da ƙarfe huɗu da rabi, na tsaya minti ashirin, na kasa ƙwanƙwasawa. Yau zan tura wannan ta ƙarƙashin ƙofa.

Ina neman gafararka a kan abu biyu. Na farko, ban tambaye ka ba kafin in yi magana a taro. Na ce don tsoron lafiyar yara ne, kuma akwai wannan, amma rabin dalilin so nake a yaba min. Na biyu, abin da na rubuta a kanka ina aji huɗu. Ka karanta, ka amsa min da haƙuri, washegari ka shigo aji ka gyara min jimla kamar ba komai. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ta gaya min zancen kwana huɗu.

Saura kwana huɗu ni ma in miƙa rahoto. Na rubuta shi iri biyu. A na farko komai yana nan yadda yake. A na biyu na ce ban tabbatar da yawan shekarun ba, kuma wataƙila zango ɗaya ne kawai. Ban taɓa rubuta abin da na san ba haka yake ba, amma in ka ce in miƙa na biyun zan miƙa.

Sabbin wasiƙun 'yan aji huɗu guda 23 suna cikin kabad, ban buɗe ko ɗaya ba. Kullum sai sun tambaye ni ko an aika. Ina ce musu tukuna.

Sai tambaya ɗaya, in ban yi rashin kunya ba. Wasiƙa ta farko da na samu ba da hannu aka rubuta ta ba, bugawa aka yi, kuma kwanan watanta sati biyar ne kafin a rufe waccan makarantar. A cikinta aka fara ambaton jan keken. Ita ma kai ne?

Allah Ya ƙara girma.
Ɗalibarka

*

Laraba, 12 ga Maris

'Yata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni. Uwargida ta ce ta hango ki ta taga ranar Lahadi, ta rasa ko ta buɗe ko ta ƙyale ki ki gama shawara.

Ki yaga na biyun. Shekara uku na koyar da ke, ban koya miki wannan ba, kuma ba zan fara yanzu ba. Ki miƙa na farko, kar ki rage ko kwana ɗaya.

Ga abin da za ki ƙara, don rahoton ya cika. Da aka rufe makarantar can, na rubuta wa makarantu talatin da huɗu neman ƙawance. Biyu suka amsa, dukansu da ban haƙuri. A lokacin rabin iyayen da ke kawo mana yara saboda wasiƙun nan suke kawo su. Na ce bari in riƙe zango ɗaya kafin a samu wata. Da zango ya ƙare sai na ga yaron da ba ya iya haɗa jimla yana cika shafi biyu don kar abokinsa ya raina shi. Daga nan ban ƙara neman wata makaranta ba. Wannan shi ne laifin, kuma nawa ne ni kaɗai. Yara sun ba ni abin da ba ni suka nufa da shi ba, na karɓa. Ba ke kika kunyata ni ba. Kin dai buɗe kabad.

Alfarma ɗaya nake nema, ki kai wa shugaba. A bar ni in shiga aji huɗu ranar Litinin in gaya musu da bakina, in mayar wa kowa wasiƙarsa a rufe. Bayan nan kwamiti ya yi abin da ya ga ya dace.

Batun kaset gaskiya kika faɗa, har yau ban taka ƙasar ba. Takalmin kuwa bara na rabu da shi. Ya kai shekara goma yana kuka, ba wanda ya gaya min sai ke.

Ki gaida mahaifiyarki da yayarki.
Malaminki

*

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 2:15 na rana

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Na ci abinci.

Na miƙa na farkon ranar Juma'a, haɗe da bayanin Malam, da shafi ɗaya a kan kwana huɗun nan, da sunana a ƙasa. Shugaba ta amince da roƙonsa, yau ya shiga aji huɗu da ƙarfe tara. Minti shida ya yi yana magana, ina tsaye a bayan aji. Ya raba wasiƙun a rufe. Wata yarinya ta yaga tata a gabansa ta fita. Sha shida suka sa nasu a jaka. Shida suka soke sunan da ke bayan ambulan, suka ajiye masa a tebur. Bai taɓa su ba sai da aka tashi.

Ga abin da ban sani ba:

1. Hukuncin kwamiti. Za su zauna 27 ga wata.
2. Ko yarinyar da ta fita za ta dawo gobe, da abin da ta rubuta a wasiƙar.
3. Ko akwai wata mace a can, sa'ata, da ta taɓa mallakar jan keke. Na tambaye shi a rubuce, ya amsa komai ban da wannan.
4. Na rubuta amsar wasiƙa ta 19, wadda ban taɓa mayarwa ba tun da na bar makaranta. Shafi uku ce, na liƙe ambulan. Ban san sunan wa zan sa a bayansa ba.

Ƙanwarki