Gwangwanin Canjin Babanki

Auta 'yata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona sarkin ƙiriniya. Mu nan lafiya lau, in ban da idon babanki.

Ba na son tayar miki da hankali, amma ɓoyewa ba ta da amfani. Yanar ido ta kusa rufe masa na dama, na hagun ma ya fara gani dishi-dishi. Yanzu ni nake zura masa zare a allurai da safe, in soke su a tsumma ya tafi da su shago. Shekaranjiya ya ɗinka wa wani aljihu a baibai, ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba. Likita ya ce aikin ba wuya, amma in aka ƙara jinkiri idon zai iya tafiya. Kuɗin ne babu.

To ga wani abu ya taso. An yi sabuwar doka, wai iyalin da samunsu bai taka kara ya karya ba za a mayar musu da wani kaso na harajin da suka biya. Na kwashi rasitansa na je ofishin da kaina. Wata ma'aikaciya mai haƙuri ta duba, ta ce abin da zai samu ya isa aikin ido, amma sai ya zo ya sa hannu kafin wata ya ƙare. Ni da na san harajin ɗan shagonsa ɗaya yake da na mai ƙaton kantin da ke gefensa, ga na zare ga na yadi, sai na ce ashe an tuna da mu.

Amma kin san babanki. Ya ce shi da ransa da sana'arsa ba zai shiga layin sadaka ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har gaba na yi da shi yini guda, bai ma lura ba. Kada ki aiko da kuɗi, zai mayar miki. Tsoro nake ji, Auta, ki taya ni da addu'a.

Ki shafa min kan angona.

Taki,
Innarki

Auta,

Ina gaishe ku da kyau, ya jikin yaron da haƙoran nan? Wasiƙarki ta iso, na ga inda hawaye ya ɓata rubutun. Ki share, akwai labari.

Kin tuna gwangwanin madarar nan na ƙarƙashin kekensa na ɗinki, inda yake ajiye canjin waɗanda suka tafi ba su karɓa ba? Ran nan na kai masa abincin rana, na tarar yana rigima da wani direba. Direban ya ce a bar canjin, babanki ya bi shi har bakin titi yana laluben hanya, wai shi ba zai kwana da hakkin wani a wuyansa ba. Na bari ya dawo ya zauna ya gama haki, sannan na ce masa:

"Malam, kai ba ka iya kwana da canjin mutum. Su kuma 'yan ofishin nan sun ce sun karɓi fiye da kima a hannunka, ga canjinka ka zo ka amsa, ka ƙi. Haka za ka bar bayin Allah da hakkinka a wuya?"

Ya daɗe yana juya cokali a kwano. Can ya tambaye ni ko yarinyar ofishin tana da iyali, na ce da alama. Washegari ya sa rigarsa ta fita kunya, na riƙe masa hannu muka je. Da ya gama sa hannu, ya ce wa ma'aikaciyar ta kwantar da hankalinta, ya yafe musu jinkirin. Baiwar Allah sai godiya ta yi masa. Ni kuwa mayafi na cusa a baki don kada dariya ta tona ni.

An sa ranar aikin, sati mai zuwa ne. Yana gaishe ki.

Taki,
Innarki

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka, ina fatan kuna ƙalau. Jiya aka cire bandeji. Ya ƙura min ido har na tsargu, sai ya ce, "Yaushe kika yi wannan furfurar ba ki gaya min ba?" Na ce wajen zura allurar wani mai taurin kai na same ta.

Yau da safe na gan shi a bakin taga ya zura zare da kansa, karo ɗaya tak. Na yi murna, amma in gaya miki gaskiya, sai na ji hannuna ba shi da abin yi. Na juya zan shiga kicin, sai ya zare zaren a hankali, a zatonsa ban gani ba. Ya miƙo min allurar da tsumman, ya ce wai nawa ya fi riƙe ɗinki.

Na zauna kusa da shi na zura masa su duka.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Innarki