Wuƙar Baba da Kifin Meru

Lyon, 9 ga Disamba, 1985

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Inna da ƙafarta? Ina su Hassia? Ya ruwan Madarumfa bana, kifi ya samu?

Ni lafiya lau. Sanyi ne kawai ya tsattsaga mini hannu, amma kada a faɗa wa Inna.

Baba, ga albishir. Kifin da muke karatu a kansa, Faransawa na ce masa meru. Daga tekun Pasifik ake kawo mana shi cikin ƙanƙara. Can yana zaune a kogon duwatsun murjani, ya laɓe ya jira abinci ya zo wucewa. Mace yake tashi, in ya girma ya koma namiji. Ikon Allah!

A cikin kansa akwai ɗan dutse da ake gane shekarunsa da shi. Ɗalibai uku suka gwada ciro shi, duk suka fasa shi. Na ɗauko wuƙarka da ka sa mini a jaka, na tsaga kan kamar yadda ka koya mini da tarwaɗa. Dutsen ya fito lafiya. Malaminmu ya ce, "Wace jami'a ta koya maka?" Na ce, "Jirgin babana."

Cikin mu tara, ni ya zaɓa in bi shi garin Numeya, bakin tekun Pasifik ɗin. Saboda haka Sallah mai zuwa ma ba zan yi ta gida ba. Ku yafe mini.

Na tuna yadda nake ɓoye hannuna a lakwal, cikin 'yan ajinmu, don kada a ji ƙarnin kifi. Yau ƙarnin nan ne zai kai ni teku, Baba.

Ɗanka,
Abdourahamane