A Takarda Ni Ƙanwarsa Ce

Asabar, 9 ga Janairu, 1988

Yau aka kore ni daga asibiti, amma cikin ladabi. Matar da ke rubuta sunaye ta karɓi igamata, takardar izinin zama a ƙasar, ta duba, ta dubi cikina, ta sake duba takardar. Ta ce ina takardar aure, ina igamar miji. Na nuna mata Yaya Sabiru can ɓangaren maza. Ta ce ai wancan ɗan'uwanki ne, ga shi a rubuce. Na ja mayafi na fito kafin ta kira wani.

Bari in rubuta shi yadda yake, ko na daina jin kamar mafarki nake. Yaya Sabiru mijina ne, kuma ɗan wan babana ne. An ɗaura mana aure a ƙofar gidanmu a Kano gaban mutum fiye da ɗari, aka raba goro da alawa. Takarda kam babu, wa yake tambayar takarda a aurenmu? Da zai taho da ni nan inda yake karatu, mutumin da ya yi mana fasfo ya ce neman shaidar aure zai ci wata shida, alhali sunan kakanmu Rabo yana jikin sunana da nasa. A rubuta ƙanwa kawai, muharrami ya samu. Kowa ya ce dabara ce. Ni ina gefe ina murza zobe, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Yanzu ciki wata huɗu. A takarda ni budurwa ce mai ciki, a gidan wanta, a Madina.

Litinin, 11 ga Janairu

Ya ce in kwantar da hankalina, zai san yadda za a yi. In muka faɗi gaskiya, takardun ƙarya ne, a kore mu tare, karatunsa na shekara uku ya bi ruwa. In muka yi shiru, ranar haihuwa za a tambaye ni uban ɗa. Gaba kura, baya sayaki.

Alhamis, 14 ga Janairu

Na fito da littattafaina goma sha ɗaya da na ɓoyo a ƙasan akwati. Na soyayya. Wanda na fi so na buɗe, wanda saurayin ke tsallake kogi da wasiƙa a baki. Da can a nan nake kuka mai daɗi. Yau na karanta shafi ɗaya sau uku ban gane komai ba. A cikinsu duk tun shafi na biyar ka san mugu, ka san wanda zai zo ya yi ceto. Ni waye muguna? Matar asibitin har “habibti” ta ce min, wato masoyiyata.

Laraba, 20 ga Janairu

Lauratu ta sama ta sauko ta same ni ina wanke kwano ɗaya tun ɗazu. 'Yar Maraɗi ce, mijinta Isuhu direban wani likita ne ɗan Tunis. Ita kaɗai na gaya wa. Ta ce, “Ke ɗiyar Kano, tashi mu tahi sama kahin ki huda kwanon nan.”

Likitan ya sayi sabuwar bidiyo ya ba Isuhu tsohuwar da kwali guda na kaset. Babu na Indiya ko ɗaya, duk na Faransawa ne. Lauratu ta yi lakwal, bokon Faransanci, har aji shida, ita ke fassara min, tana tsinkar zogalen da ta busar tana magana.

Fim ɗin da muka kalla na wani mutum ne siriri, gidansa ya rushe, ƙyaure kaɗai ya rage. Ya ɗauke shi a baya yana yawo da shi cikin gari. Abin mamaki, duk wanda zai yi masa magana sai ya ƙwanƙwasa tukuna. Ɗan sanda ya ƙwanƙwasa. Uwarsa ta ƙwanƙwasa, ya ce ba ya nan, ta bar masa saƙo a wurinsa ta tafi. Har hukuma ta aiko masa da harajin gida. Babu wanda ya yi murmushi a duk fim ɗin. Da sanyi ya kashe shi a bakin titi, da ƙyauren aka rufe akwatin gawarsa, mai haƙa kabari ya ƙwanƙwasa don ladabi.

Na ce wannan wane irin rashin imani ne, mutum ya mutu ana wasa. Sai na ga Lauratu na kallona. Ashe dariya nake, har hawaye.

Alhamis, 21 ga Janairu

Na yi istigfari. Ban gaya wa Yaya ba, na ce kitso na je.

Talata, 26 ga Janairu

Ya je ofishin takardu ta hannun wani da ya san wani. Ba da sunanmu ya yi tambayar ba, ya ce wani abokinsa ne. An ce masa abokin ya kawo takardar aure. Ya ce in babu fa, a ɗaura sabo a nan? An ce wa ba ya auren ƙanwarsa. To a gyara a rubuta mata? An ce matar ai ba ta shigo ƙasar ba, ƙanwa ce ta shigo. Sai dai ƙanwar ta fita fitar da ba dawowa, sannan a nemi izinin shigo da matar, in an ga dama. Ma'aikacin har shayi ya ba shi.

Yana ba ni labarin yana cire safa. Na ce to in tafi gida in haihu mana. Ya ce in na fita Allah kaɗai ya san ranar da za a bar ni in dawo, kuma me zai ce wa Baffa, ya kasa riƙe 'yarsa? Bukra inshallah, wato gobe, zai ga Malam Ja'afaru, dattijon nan da ya shekara talatin a garin, wanda duk Bahaushen da takarda ta sha masa kai yake zuwa wurinsa.

Litinin, 1 ga Fabrairu

Ɗan cikina ya motsa. Da hantsi, ina shanya. Na tsaya da rigar a hannu ban san ko murna zan yi ba.

Lahadi, 7 ga Fabrairu

Kitso kuma. Sau huɗu ke nan, kaina kuwa tsefe yake, Yaya bai lura ba.

Na yau ya fi na ƙyaure. Ranar ɗaurin aure amarya ta makara, ta aiko da kwat ɗinta a ajiye mata kujera. Magajin gari yana sauri zai je cin abinci, ya karanta abin da zai karanta, ya buga hatimi. Amarya ta iso da haki, aka ce mata Allah ya ba da haƙuri, an riga an ɗaura da kwat. Angon ya kai ƙara, kowane ofis ya tura shi na gaba, kowa na cire masa hula yana tambayar lafiyar madam. Maƙwabta suka fara gulmar amaryar gaskiya, wai tana bin mijin wata. Har ita ma ta fara yi wa kwat ɗin sallama in ta shigo.

Ana tsakiyar shari'a sai hoto ya yanke, ƙwallon ƙafa ya fito. Likitan ya ɗauki wasa a kan ƙarshen. Na kusa in yi kuka. Na ce Lauratu ki tambayo Isuhu ya tambayo likita yadda ta ƙare. Ta ce, “Mi kike so, su yi aure su haihi goma? Waɗannan mutane ba su gama zance, tashi suke su bar ka da shi.”

Na daɗe ina tunanin abin da ke mayar da ni ɗakin nan. Tun da abin ya faru, kowa haƙuri yake ba ni, kowa ce min yake komai zai daidaita. Littattafaina ma haka suke cewa. Waɗannan Turawan su kaɗai ne ba su ba ni haƙuri ba. Nuna min suke abin hauka ne, hauka mai sanye da kwat da hatimi a hannu, kuma ba ni ce na haukace ba. Su ba sa dariya, ni suka bar wa in yi. In na yi ta, numfashina yakan dawo na awa guda.

Juma'a, 12 ga Fabrairu

Na je Harami da matan gidanmu. Na ɗaure cikin da ɗankwali ƙarƙashin abaya kamar ɓarauniya. Wata tsohuwa ta matsa min wuri ta yi wa abin da ke cikina addu'a, na tsorata maimakon in ce amin. Ya Rasulallahi, a garinka nake ɓoye ɗan halak.

Talata, 16 ga Fabrairu

Malam Ja'afaru ya zo bayan la'asar. Na kai shayi da dabino, na koma bayan labule.

Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya sauka. Akwai wani Audi, tsoho ne mai ban ruwa a wata gonar dabino a Awali, igamarsa lafiya lau, ba shi da mata. A je gaban mai ɗaurin aure, Yaya a matsayin wa kuma waliyyi ya ba da ƙanwarsa ga Audi. A takarda kawai. In haihu a asibiti da sunan Audi, bayan arba'in ya rubuta saki. Ya ce an taɓa yi, lalura ce.

Na riƙe labulen. Na san abin da zai biyo baya, na karanta shi sau ɗari. Zai miƙe tsaye, muryarsa ta yi rawa, ya ce Malam, matata ce. Shekara uku yana karanta fiƙihu, ya san aure kan aure ba wasa ba ne.

Na ji ƙarar cokali a kofi. Sai na ji ya ce, “Shi Audin zai yarda?”

Ban san daga ina ta taho ba. Na toshe baki da mayafi, ta fito ta hanci. Na ga su a raina, Yaya da babbar riga yana karɓar sadakina, Audi da laka a ƙafa yana cewa ya karɓa, ana shafa fatiha, ana yi wa Yaya barka da aurar da ƙanwa. Na durƙushe a ƙasa ina dariya kamar ana yanka ni. Malam Ja'afaru ya ce a'uzubillahi, a yi mata tofi, masu ciki sukan gamu da iska. Ya nemi takalmansa.

Laraba, 17 ga Fabrairu

Ya ce na kunyata shi gaban dattijo. Ya ce tambaya kawai ya yi, ba yarda ya yi ba, yana so ya ji iyakar zancen ne. Ya ce duk don ni yake wannan wahalar. Mai yiwuwa gaskiya ne. Idonsa ya faɗa, ba ya cin abinci.

Na ce ɗan fa, in ya girma ya ga takardarsa, ɗan wa zai ce shi ne? Ya ce in bar shi ya yi tunani.

Laraba, 24 ga Fabrairu

Yana tunani.

Asabar, 27 ga Fabrairu

Lauratu ta ce in ciki ya wuce wata bakwai jirgi ba ya ɗauka. Ta ƙirga min da yatsu. Ba mu kunna komai ba yau, muka zauna gaban baƙin gilashin muna kallon kanmu a ciki. Ta ce in na tsaya akwai wata ungozoma a Aziziyya da ke karɓar haihuwa a gida ba tambaya. Na ce sannan yaron ya tashi ba takarda, yana jin jiniya yana shiga bayan ƙofa? Ta ce haka 'ya'yan mutane da yawa suke. Na ce na sani.

Alhamis, 3 ga Maris

Na gaya masa bayan ya karya kumallo. Ban yi kuka ba, ban roƙa ba. Na ce ƙanwarka za ta tafi gida. Ka nema mata takardar fita ranar Asabar. A Kano duk wanda ya ci goron aurenmu zai zo suna, liman zai raɗa wa yaro suna da sunan ubansa a gaban jama'a.

Ya ce ban isa in yanke wannan ni kaɗai ba. Na ce to ya yanke. Ya dubi tabarma. Ya ce Baffa fa? Na ce ni zan yi wa Baffa bayani.

Bai ce e ba. Amma ya tambaye ni inda na ajiye fasfo.

Litinin, 7 ga Maris

Takardar ta fito cikin kwana biyu. Wata biyu ana cewa bukra, fita kuwa ko layi bai bi ba. Ma'aikacin ya ce Allah ya kai 'yar'uwarsa lafiya.

Alhamis, 10 ga Maris

Gobe bayan Juma'a motar Jidda. Na je na yi sallama da Manzon Allah, wannan karon ban ɗaure komai ba, duk mai kallo ya kalla.

Lauratu ta kawo min dabino da turare, ta ce in na haifi mace in sa mata sunanta ko ta biyo ni Kano da taɓarya. Mun yi dariya, sannan ta juya baya tana gyara ɗaurin zane da bai kwance ba.

Yaya ya taya ni ɗaure akwati. Yana da kirki yau, ya sayo min takalmi mai taushi saboda kumburin ƙafa. Ya ce da na sauka a nemi shaidu a yi takardar aure a kotu a aiko masa, shi kuma zai shigar da neman izinin matarsa, ba zai huta ba sai na dawo. Ya riƙe hannuna yana faɗa. Na yarda har zuciyarsa yake nufi.

Na ce to, Allah ya yarda.

Sai da ya fita masallaci na lura ban tambaye shi wata nawa zai ɗauka ba. Gajiya ce, ina jin. Na kuma sa kayan sanyina duka a akwati, har da bargon da ya ce in bari tunda zan dawo. Akwai wuri ne kawai.