Alkawarin da Banki Ya Janye

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Albishirinka! Bankinku ya ba ni takarda, sun amince za su ba ni rance in faɗaɗa gidan burodi, in riƙa karɓa kashi-kashi. Har na sa an rushe tsohuwar tanda, an kware rufin baya, na kuma ba da kafin alƙalami na injin kwaɓa. Kai da kake cewa ko ruwan zafi ban iya dafawa ba, ka shirya cin burodi kyauta.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, Allah ya sanya albarka. Amma ki saurare ni da kyau. Takardar hannunki alkawari ce, ba kuɗi ba. A wurinmu irin wannan ba ya shiga cikin babban lissafin banki. A ƙasa ake rubuta shi, shafi ɗaya da ƙararrakin da ake yi da mu a kotu waɗanda ba a yanke ba tukuna. Kada ki ƙara taɓa ginin nan sai kashin farko ya shigo hannunki. Kada kuma ki tambaye ni dalili, aikina ya ɗaure min baki.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban amsa wasiƙarka ba, don na ɗauka tsoron nan naka ne da muka saba da shi tun muna yara. Na ci gaba da aiki.

Shekaranjiya aka kawo min wata takarda. Wai banki ya sha kaye a wata babbar shari'a, saboda haka ya janye duk rancen da bai riga ya bayar ba. Na karanta har ƙasa, sai na ga sa hannunka.

Mai injin ya ce abin da na ba shi ba ya dawowa. Ruwan sama ya shiga ta inda aka kware, buhunan fulawa sun dunƙule. Ma'aikatana kullum da safe suna zaune a kan benci a bakin ƙofa, suna jiran in ce musu wani abu. Me zan ce? Da ka ce min "shari'a" kawai, da na gane.

Auta

Auta,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Lauyoyinmu sun yi ta tabbatar mana ba za mu faɗi ba. Ni ina zuwa kotun, ina kallon fuskar alƙali, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Amma zato ne, kuma da maganar ta fita ta bakina, da jama'a sun yi dafifi a ƙofar banki don kwashe kuɗinsu.

Washegarin hukuncin manaja ya ajiye tarin takardu a teburina. Da na ga taki, na roƙe shi a cire. Ya ce, "Sauran ba su da yayye ne?" Na sa hannu.

Ƙarshen wata za a rufe sashenmu, har da ni cikin waɗanda za a sallama. Ba don ki ji tausayina na faɗa ba.

Yayanki

Yaya,

Na sallami ma'aikata, na rufe shagon. Jiya Inna ta tambaye ni ko ka san abin da zai faru tun farko. Ka zo ka ba ta amsa da bakinka.

Wassalam,
Auta